Tsamiyar da Ba ta Kunu Ba

Rana ta farko: Kano zuwa Dawakin Tofa

Ƙarfe biyar da rabi na asuba, ina idar da salla na ɗauki jakata da kular zuba ƙanƙara da jarka biyu 'yan lita biyar-biyar na fito. Maigidana ne ya kai ni tashar Ƙofar Ruwa, yana ta tsokanata a hanya, wai shi bai taɓa ganin wanda ya bar birni da jarka ya tafi ƙauye roƙon ruwan da aka gama aiki da shi ba sai ni. Kusan gaskiya ya faɗa.

Bari in faɗa wa mai karatu abin da ya fitar da ni. Shekarata uku ina karatun digiri na uku a kan zaren roba, irin wanda ake saƙa bandejin ɗaure ciwo da shi. Zare ne mai ƙarfi da arha, amma yana da mugun hali guda: ba ya shan ruwa. In aka ɗora shi a kan gyambo ko ƙuna, ruwan ciwon ba ya shiga cikinsa, sai ya bushe a tsakani ya manne, ranar canji a ɓare shi har da sabuwar tsoka. Duk wanda ya taɓa jinyar mai ƙuna ya san kukan da nake nufi. Aikina shi ne in yi wa zaren nan riga da wani abu da Allah ya halitta, wanda jikin mutum ba ya ƙyama. Abin da na zaɓa kuwa shi ne danƙon da tsutsar siliki ke manne gidanta da shi. Ana sayar da na ƙasashen waje a kwalba, amma ni na dage sai na ƙasarmu, wato silikin dajin nan da iyayenmu ke kira tsamiya, wanda ake yi wa manyan riguna aiki da shi. Mata kan dafa gidan tsutsar, danƙon ya narke a ruwa, su ɗauki zaren su zubar da ruwan. Wannan ruwa nake nema.

Farfesan da ke duba aikina ya gaji da taurin kaina. Ya ce in wata ya ƙare ban kawo ko lita ɗaya ba, in canja batu in koma farko. Ranar da na fito saura kwana tara.

Ƙaramar bas ɗinmu ta cika bakwai saura kwata. Kuɗin mota naira ɗari takwas, kula kuma direba ya ce ɗari biyu.

"Malam, ai babu komai a cikinta," na ce.

"Hajiya, ko babu komai ai ta zauna," in ji shi.

Muka wuce Dawanau, inda manyan motoci ke lodin riɗi, sannan muka bar titin Katsina muka karkata. Bazara ce, gonaki duk a share, an jera tulin taki a kowace, jakuna na ta kai da kawowa da mangala. Babu taƙin ƙasar da ba ta da mai ita. In ka wuce wannan gida, kafin ka ƙifta ido ga rumbunan wani. Na yi ta ƙirga itatuwan tsamiya ta taga, domin a kansu tsutsar ke yin gida, raina fari ƙal. Takwas saura minti goma muka sauka, tafiyar wajen kilomita talatin.

Kawu Isiyaku, ƙanen mahaifiyata, tsohon hedimasta ne, kuma har yau magana yake kamar yana gaban allo. Mako biyu kafin nan na buga masa waya na ce ya nemo mini tsamiya ko kilo biyu ne. Ya tare ni a ƙofar gida yana murmushin wanda ya ci jarrabawa.

"Bilkisu, kilo biyu kika ce, ko? To ni ba na aikin rabi da rabi. Shigo ki gani."

A zaure na tarar da buhu biyu cike maƙil da tsamiyar kunu. Gida-gida ya bi ya tara, har da ta gonar liman.

Na tsaya ina kallon buhunan, dariya na cina, kuka na cina. Da na yi masa bayani, sai ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Yo ke da kika yi boko har kika kai ƙarshensa, ba ki iya cewa tsamiyar riga ba? Wa zai ji tsamiya a bazara ya tuna da tsutsa?"

Laifina ne, na kuma karɓa. Matarsa ta dama mana kunun tsamiya ta haɗa da ƙosai, ta ce tunda ga ta nan ai sai a sha. Da yamma muka zaga gidajen tsofaffi huɗu. Kowace ta san tsamiyar riga, kowace ta ce uwarta ko kakarta ce ta iya. Sai bayan magariba Kawu ya tuna da Malam Hamisu na Bagwai, wanda ya yi wa rigar angoncinsa aiki. Ya ce gobe tare za mu, shi ya ɓata shi zai gyara.

Rana ta biyu: Bagwai da Tsanyawa

Shida da rabi muka tashi. Muka koma titin Katsina, muka isa Bichi takwas saura kwata, muka sha koko a tsaye a tasha, sannan muka shiga wata motar. Kusa da Bagwai ido ya huta, don ruwan dam ya sa ko'ina kore: albasa, tumatir, masara, mutane sun duƙufa tun da sassafe. Tara da minti goma muka sauka.

Malam Hamisu dattijo ne siriri, muka same shi a rumfarsa ya shimfiɗa shadda a gwiwa yana fitar da aska takwas. Hannunsa ba ya rawa ko kaɗan. Na tsaya ina kallon yadda allura ke shiga tana fita kamar ta san hanya, har na manta da gaisuwa sai da Kawu ya yi gyaran murya. Zaren da ke hannunsa kuwa na kanti ne, mai ƙyalli. Na gane shi tun daga nesa, ɗan'uwan wanda nake fama da shi ne a ɗakin gwaji.

Da ya ji buƙatata, ya shiga gida ya fito da wani ɗan ƙulli. Zare ne mai launin ƙasa-ƙasa, ba ƙyalli, mai ɗumi a hannu. Karo na farko ke nan da na taɓa tsamiya, bayan shekara uku ina rubutu a kanta.

"Wannan ragowar na ƙarshe ne da na saya," in ji shi. "Wajen Inna Tambai, a wani ƙauye bayan Tsanyawa. Shekara shida ke nan. Ban san ko tana nan ba."

"Me ya sa aka daina saya, Malam?"

"Ni na daina, 'yata, ba wani ba. Na kanti ya fi arha, masu riga kuma ƙyalli suke so. Ta aiko mini sau biyu, kunya ta hana ni amsawa." Ya mayar da zaren cikin ƙullinsa. "In Allah ya sa kin same ta, shawara ɗaya zan ba ki. Kada ki ambaci zaren roba a gabanta. Shi ya kashe mata kasuwa, kuma ta sani."

Na yi godiya. Ni da zan je roƙon danƙo don in shafa wa zaren roba, an ce kada in ambace shi.

Muka koma Bichi, muka hau motar Tsanyawa sha biyu da rabi, naira ɗari bakwai kowa. A wani shingen bincike jami'in tsaro ya leƙo ya ga jarkoki.

"Hajiya, fetur za a ɗauko?"

Kafin in buɗe baki Kawu ya ce, "Ruwan tsutsa za ta ɗebo, ranka ya daɗe. Likitar zare ce."

Jami'in ya dube ni, ya dubi Kawu, ya ce Allah ya ba da lafiya. Har muka isa Tsanyawa biyu saura kwata fasinjoji na tambayata wane ciwo ruwan tsutsa ke magani.

Mun sauka a gidan wani tsohon ɗalibin Kawu, wanda yanzu shi ma malamin makaranta ne. Tsohon hedimasta ba ya rasa masauki a ƙasar nan, kuma ba ya biyan kuɗin tuwo. Mai masaukinmu ya tabbatar mana Inna Tambai tana raye, ya shirya mana 'yan acaɓa biyu, ya kuma kai ni wajen mai firiza ta sola na yi cinikin ƙanƙara don gobe, saboda ruwan da nake nema ba ya jure zafi, wuni ɗaya ya isa ya lalata shi. Aka kawo tuwon dawa da miyar kuka da man shanu. Na ci kaɗan, ina ta saƙa da warwara a kan abin da zan ce wa tsohuwa.

Rana ta uku: gidan Inna Tambai

Bakwai saura kwata muka hau babura, naira dubu kowa, kilomita tara a kan burji da yashi, tsakanin shingayen gonaki. Bakwai da kwata muna ƙofar gidan. Kawu ya zauna a zaure da ɗan Inna Tambai, ni kuma surukarta Saude ta shigar da ni.

Inna Tambai 'yar ƙaramar tsohuwa ce da ta haura tamanin, idonta tar. Muka gaisa, ta tambayi mutanen birni da zafi da hanya, sannan ta ce, "To 'yar nan, ba a tahowa daga Kano don a gaishe ni kawai."

Na ce tsamiyar riga nake nema, kuma ba zaren nake so ba, ruwan dahuwar. Ta yi dariya har da tafa hannu. Ta sa Saude ta jawo wata tukunya daga ƙarƙashin gado, an liƙe bakinta da tsumma da faifai. Ciki gidajen tsutsa ne, kowane ya kai tafin hannu, ja-ja, kamar busasshen soso.

"Shekara huɗu ke nan da aka samo mini su. Tun da aka shiga feshin gonaki ban ƙara ganin tsutsar a bishiya ba. Na ajiye ne ko wani mai riga zai tuna da ni." Ta dube ni. "Me za ki yi da ruwan?"

Saude, wadda na tsegunta wa maganar tun muna shigowa, tana bayanta tana ta yi mini ido, tana girgiza kai. Da na ce magani zan haɗa, da shi ke nan, kuma ba ƙarya ce tsagwaronta ba. Amma na kasa. Tsohuwa ta buɗe mini abin da ta ɓoye shekara huɗu, ni kuma in rufe mata nawa?

"Inna, zaren roba zan shafa wa."

Ta ɗauki faifai ta rufe tukunya, ta ɗora tsumma, ta kama ɗaurewa. Na ji shekaruna uku sun bi ta cikin ƙullin nan. Wallahi har idona ya ciko.

"Wanda ya raba ni da abincina," ta ce, "shi kika taho tun daga birni in tufatar?"

"Shi ne, Inna."

"Yana nan tare da ke? Miƙo shi in gan shi. Ban taɓa riƙe shi ba, sunansa kawai nake ji."

Na ciro bandeji daga jaka na ba ta. Nan na ga gwajin da ba a koya mana a jami'a ba, kuma ya fi namu sauri. Ta zare sili ɗaya ta murza a yatsa. Ta sa a haƙori ta ja. Ta ɗiga masa ruwa daga buta, ɗigon ya tsaya a kai ya gangara ya faɗi ƙasa. Ta sa Saude ta kawo garwashi, ta kusantar da silin, ya narke ya dunƙule ya yi baƙi. Ta shinshina ta yamutsa fuska.

"Wa ya haife shi? Ba auduga ba ce, ba tsutsa ba."

"Daga man fetur ake yin sa, Inna."

"Ashe maraya ne," in ji ta. "Shi ya sa ba ya shan ruwa. Ba wanda ya shayar da shi." Ta juya shi a hannu. "Kuma wannan ake ɗora wa mutane a ciwo?"

Na ce shi da ire-irensa. Sai ta kama hannun Saude ta ɗaga, ta nuna mini wani tabo daga wuyan hannu har gwiwa. Man suya ne ya zubo mata shekarun baya, kuma Inna ce ta riƙe ta duk ranar da za a canja ɗauri.

"In na ba ki, za a daina wannan kukan?"

"Ba yanzu ba, Inna. Sai an yi shekaru ana gwaji. Yana yiwuwa ma a gwada a ga bai yi ba."

Ta ajiye bandejin. Sannan ta kai hannu ta kwance ƙullin.

"Da kin ce mini gobe, da kin koma da jarkarki yadda kika zo da ita. Saude, hura wuta."

Sai kuma wata matsalar ta taso. Ita da ruwan toka take dafawa, ni kuwa toka tana tsinka danƙon ya zama ba shi da amfani a wurina. Ina cikin kame-kamen yadda zan faɗa mata ba tare da na koya wa kaka sana'arta ba, ta katse ni. Ta ce ai sai a yi dahuwa biyu: ta farko da ruwa zalla a wuta marar ƙarfi, wannan tawa ce, ta biyu da toka, wannan tata ce. Wata biyu na yi ina karatu kafin na kai ga wannan dabara, ita kuwa ta kai gare ta kafin wuta ta kama.

Ta shafa man gyaɗa a hannu, ta sa ni ma na shafa, don gidan tsutsar yana da ƙaiƙayi. Muka yage su, muka kakkaɓe, muka wanke sau uku. Tara daidai aka ɗora babbar tukunyar ƙasa, wadda ta ce tun tana amarya ba a taɓa dafa komai a cikinta ba sai tsamiya. Ni na fito da ma'aunin zafi da agogo da littafi. Ita kuwa jefi-jefi sai ta tsoma tsinke, ta ɗiga a babban yatsa, ta haɗa da manuni ta buɗe a hankali. Sau biyu na ce lokaci ya yi, sau biyu ta ce da saura. Sha biyu da minti ashirin ta buɗe yatsunta, wani siririn yauƙi ya miƙe a tsakani bai tsinke ba.

"Ya ba da abin da zai bayar. Sauke."

Muka tace da sabon ƙyalle. Ruwan ya fito kamar shayin da ba madara, lita huɗu da 'yan kai. Na yi yunƙurin ba ta wani abu, ta harare ni, ta ce shekara sittin tana kwarara shi a bayan gida kaji na bi ta kai, yau ba za ta fara sayar da shi ba. Goro da sabulun da na kawo kawai ta karɓa. Muka ci dambu da zogale, muka yi azahar, ta raka ni har bakin zaure tana dogara sanda.

Komawa gida

Biyu saura minti ashirin muka baro ƙauyen, jarka a cinyata na lulluɓe ta da jiƙaƙƙen zane. Biyu da kwata muna Tsanyawa, na cika kula da ƙanƙara. Wannan karon da kaina na biya wa kular kujera guda, ban yi gardama ba. Kawu ya sauka a mararrabar garinsu, ya leƙo ta taga ya ce in ina son wani abu nan gaba in rubuto masa da cikakkiyar jimla.

Biyar saura kwata na shiga Kano, ban biya gida ba na wuce ɗakin gwaji a adaidaita sahu. Ina buɗe jarka na ga ruwan ya kafe kamar kunun da ya kwana. Na ɗauka ya lalace, sai can na tuna cewa danƙon da bai tsinke ba ne kaɗai ke kafewa haka in ya ji sanyi. Na ɗumama kaɗan ya narke, na tsoma bandeji guda, na shanya, sauran na sa a firij. Ana kiran magariba na isa gida.

Washegari ƙarfe takwas na shimfiɗa bandeji biyu a tebur, wanda aka tsoma da wanda ba a tsoma ba, Farfesa na tsaye. Na ɗiga wa na farko ruwa, ɗigon ya zauna a kai yana kallonmu. Na ɗiga wa na biyu. Kafin in ɗaga hannu ya shige. Farfesa ya karɓi abin ɗigawar ya gwada da kansa har sau uku, sannan ya ce in ci gaba da batuna.

Na fita waje na kira lambar Saude, ta kai wa Inna wayar.

"Inna, ya sha! Marayan ya sha ruwa!"

"To madalla," in ji ta. "Ki bi shi a hankali, yanzu ya fara."

Na ce bayan damina zan dawo mu sake ɗora tukunya.

"Ki zo dai mu gaisa, 'yar nan. Amma babu abin ɗorawa, jiya muka dafa na ƙarshe. Tukunyar ma na wanke ta na ba Saude. Wake ne a ciki yanzu haka."

Na ce to zan zo mu gaisa, muka yi sallama.

Alhamdu lillahi da ya kai ni ya dawo da ni lafiya. Ina godiya ga Kawu Isiyaku da iyalinsa, da Malam Hamisu da ya faɗi abin da ke ba shi kunya don in sami hanya, da mai masaukinmu na Tsanyawa, da Saude. Inna Tambai kuwa ban san kalmar da zan gode mata da ita ba. Abu na ƙarshe da ya rage mata na sana'arta ta ɗauka ta tufatar da wanda ya kashe mata kasuwa, don kada 'yar wani ta yi kukan da surukarta ta yi. Allah ya ba ni ikon kai aikin nan inda za a daina kukan, ya kuma sa tana da rai in je in faɗa mata da bakina.